Kaluluwa 7 kacal aka samu a naman Baba bayan gashi: aikin ne bai cika ba?

Maman Ilham (Garwa):
Assalamu alaikum ’yan uwa. Ina neman wanda zai warware mini wata takarda, don tun shekaranjiya ba a yi barcin kirki a gidanmu ba. Mahaifinmu ne, shekararsa 58. Ya kusa shekara yana ganin jini in ya zaga, ana ta ɗura masa maganin basir, na asibiti da na gargajiya, har wando ya daina zama masa a ƙugu. Da aka saka masa kyamara aka yanki ɗan nama, sai aka ce sankara ce a ƙarshen hanji, santimita 6 daga bakin dubura. Hoton IRM (wato MRI) ya nuna matakin ciwon cT3N1 ne, likita ya ce ya ga kaluluwa 3 da bai yarda da su ba. Aka ce ba za a taɓa shi da wuƙa ba sai an fara gashi, wato gasa ciwon da hasken inji. Muka kai shi Duwala ya sauka wurin ƙanensa a New Bell, ya shiga inji sau 28, yana haɗiyar ƙwayar maganin sankara Xeloda safe da yamma. Bayan sati 9 aka yi masa aiki, aka sa masa jaka ta wucin gadi a ciki.

Yanzu sakamakon anapat, wato gwajin naman da aka cire, ya fito. An rubuta ypT2 N0, a gaba kuma 0/7. Ni da aka ce mini sifili na nufin ba a ga cuta a kaluluwa ko ɗaya ba, sai na yi hamdala. Amma yayana da ke Liyon ta Faransa ya ce ƙa’ida sai an samu 12, in ba a kai 12 ba sakamakon ba abin dogaro ba ne, wataƙila ma an bar sauran a cikin Baba. Saura kwana 10 mu ga likitan sankara. Don Allah wanda ya sani ya yi mana bayani.

Goggo Asabe:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Alhaji lafiya, ya sa kaffara ne. Ki kwantar da hankalinki ’yata, akwai masu ilimin a nan.

Abdul’aziz (Liyon):
Ni ne yayan nata. Ba tayar da hankali nake so ba, amma abin da na karanta ke nan, kuma ba wuri ɗaya ba. Ko’ina 12 ake cewa. An ga guda 3 masu cuta a hoto kafin aiki, yanzu an ce babu ko ɗaya, kuma 7 kawai aka ƙirga. To ina ukun nan suka shiga? Mun sayar da fili saboda wannan jinya, ina da hakkin in tambaya.

Malam Iro mahauci (Marwa):
Ku gafarce ni, kaluluwar da ake magana ita ce irin wadda muke cirewa a cikin kitsen saniya? Ni na ɗauka a hammata da matsematsi kawai take fitowa mutum in ya ji ciwo a ƙafa.

Dokta Nasiru (Yawunde):
Ita ce, Malam Iro. Kowa yana da ita ɗaruruwa a jiki, ba sai ta kumbura ba. Abdul’aziz, tambayarka tana kan hanya, kuma hakkinka ne. Ban duba Baba ba, ban ga takardar gaba ɗaya ba, don haka bayanin yadda abin yake zan yi, hukunci na likitansa ne.

Ƙarshen hanji yana naɗe ne cikin wani kitse mai fatar kansa, kamar matashi a cikin riga, muna kiransa mezorektum. A cikin kitsen nan kaluluwar wurin take. Ku ɗauke su kamar shingayen jandarma a hanyar Garwa zuwa Marwa: duk abin da ya baro hanji zai bi ta kansu, in ƙwayar sankara ta tsere, a nan ake fara kama ta. Shi ya sa tun da wani likitan Ingila, Bill Heald, ya bayyana hanyarsa a 1982, aikin da ake yi shi ne a ɗauko hanjin da kitsen gaba ɗaya cikin rigarsa ba tare da an yaga ta ba. Likitan tiyata ba ya tsintar kaluluwa ɗaya bayan ɗaya a cikin mutum. Buhun yake ɗaukowa a ɗaure. Masu anapat ne suke kwance buhun su ƙirga. Saboda haka 7 ɗin nan ba adadin da aka ciro ba ne, adadin da aka gano ne a cikin abin da aka ciro.

Ita kuma 12 ɗin, an tsayar da ita ne tun wani taron likitocin ciki na duniya a Sidni a 1990, lokacin da yawancin marasa lafiya aiki ake fara yi musu kai tsaye. Ba a yi lissafin da naman da ya sha gashi ba. Ƙwayoyin garkuwa da ke cike da kaluluwa suna cikin abubuwan da suka fi saurin mutuwa a gaban hasken gashi a duk jikin mutum. Baba ya shiga sau 28, galibi hakan na nufin jimillar hasken gashi Gy 50.4. Kaluluwar da take kamar ƙwayar wake sai ta koma kamar ta gero, wata ta narke ta bar tabo kawai. Samun ƙasa da 12 bayan gashi abu ne da ake gani kullum, a Faransa ma haka yake. Har an yi bincike da dama da suka nuna waɗanda gashi ya fi yi wa aiki su ne aka fi samun kaluluwa kaɗan a namansu, kuma ba su fi saura shiga hatsari ba.

Wancan ƙaramin y da ke gaban pT2 shi ne alamar haka. Yana gaya wa duk likitan da zai karanta cewa wannan mataki bayan magani aka auna shi.

Abdul’aziz (Liyon):
Na gode Dokta. Amma ukun da aka gani a IRM fa?

Dokta Nasiru (Yawunde):
Ɗaya cikin biyu. Ko dai da cutar a cikinsu gashi ya kashe ta, ko kuma tun farko babu, kumburi ne kawai. IRM girma da siffa take gani: in gajeren faɗin kaluluwa ya kai milimita 9, ko tana da ƙanƙanta amma ta yi zagaye, bakinta ba santsi, cikinta ba launi ɗaya ba, sai a ce ana zarginta. Zargi ne, ba shaida ba. Ciwon da ke zubar da jini shekara guda zai iya kumbura kaluluwar da ke kusa da shi ba tare da sankara ta shige ta ba. Haka nan ƙarama mai milimita 3 tana iya ɗauke da cuta hoto bai gani ba.

Akwai babban binciken da aka yi a Jamus aka buga a 2004, aka raba marasa lafiya gida biyu, wasu gashi kafin aiki, wasu bayan aiki. Cikin waɗanda aka fara yi wa aiki, kashi 18 cikin 100 da hoto ya ce cutarsu ta yi nisa, da aka duba naman sai aka tarar matakin farko ne. An samu cuta a kaluluwar kashi 40 cikin 100 na wannan rukunin, amma kashi 25 kawai a rukunin da aka fara gasawa. Dawowar ciwo a wurin cikin shekara 5 kuma kashi 6 ne ga masu gashi kafin aiki, 13 ga masu bayan aiki. Daga nan ne duniya ta koma fara gashi. Abin da aka biya a madadinsa shi ne wannan duhun da kake ciki yanzu: ba mai iya rantse maka ko ukun nan da cuta a cikinsu ranar da aka ɗauki hoton.

Usmanu (ɗakin gwaji):
Dokta, da izininka, ban yarda da rabin maganar ba. Shekara 11 ina yanka irin wannan nama a ɗakin anapat. Gaskiya ne gashi yana rage su. Amma kalmar nan ta “ai ya sha gashi” ta zama bargon da ake lulluɓe gaggawa da shi. Kaluluwa ba ta cika ɓacewa ba, ƙanƙancewa take yi. In ka zauna ka yanka kitsen nan siriri-siriri, ka bi shi da yatsa kana murzawa a ƙarƙashin fitila, za ka yi ta cin karo da ’yan ƙanana masu milimita 1 ko 2. Aikin awa guda ne ko fiye, a tsaye, formol, ruwan maganin da ake ajiye nama a ciki, yana cin ido da hanci. Mai sauri zai tsinci manya 5 ko 6 ya rufe. Ni da hannuna na sha komawa kan naman da aka ce 6 ne in fitar da 13. Akwai ma ruwan da ake jiƙa kitsen a ciki ya washe, kaluluwar ta fito fara, wasu wuraren kuma suna ɗura shuɗin methylene ta jijiyar naman tun yana sabo. Ba ko’ina ake da waɗannan ba, amma yatsa da haƙuri kowa yana da su.

Kuma abin da ya sa nake damuwa: ’yar ƙaramar da aka tsallake ita ce wani lokaci take ɗauke da cutar. Guda ɗaya tak ta isa ta mayar da N0 ta koma N1, mataki na 1 ya koma na 3. Daga 1 zuwa 3 masu cuta N1 ne, daga 4 zuwa sama N2. Tsakanin sifili da ɗaya akwai rata mai girma.

Malam Iro mahauci (Marwa):
Wallahi Usmanu maganarka haka take ko a wurinmu. Ido ba ya ganinta a cikin kitse, yatsa ne yake jin ta, tana zillewa kamar ƙwallo. Yaron da bai ƙware ba sai ya sayar wa mutum nama da ita a ciki. In kitsen ya yi tauri kuwa sai wanda ya daɗe a sana’a.

Usmanu (ɗakin gwaji):
To haka gashi yake mayar da shi, Malam. Kitsen ya taurare ya yi zare-zare, tabo da kaluluwa su yi kama a hannu.

Dokta Nasiru (Yawunde):
Usmanu, ban musa maka ba ko kaɗan, kai ne mai hannu a ciki. Abin da nake gudu shi ne iyali su ɗauki lamba ɗaya su yanke wa likitan tiyata hukunci da ita, ko su shiga fargabar da ba ta da magani. Ko an bi a hankali, akwai naman da ba zai ba da 12 ba. Na ga wanda aka koma kansa sau biyu aka tsaya a 8.

Usmanu (ɗakin gwaji):
Wannan na yarda. Amma a koma ɗin tukuna, sannan a ce babu.

Sani Kuseri:
Ku bar ni in faɗi abin da ya same mu, ko wani zai tsira. Ƙanena aka yi wa irin wannan aiki shekara 3 da suka wuce, a wani asibiti da ba zan ambata ba. Bayan an fito da shi sai aka miƙo mana naman a ’yar roba, an yanke shi biyu don ya shiga, ruwan maganin ko rabinsa bai rufe ba. Aka ce mu nemi yadda za mu kai shi kudu. Ya kwana 2 a gida kafin mu samu mai tafiya, ya bi motar ajans har Ngaundare, sannan jirgin ƙasa dare guda zuwa Yawunde, a watan Afrilu, kun san zafin. Da sakamako ya zo aka ce cikin naman ya lalace, kaluluwa 2 kawai aka iya dubawa. Sauran rabin kuma da aka bar mana, dattawa suka ce a binne, aka binne. Har yau ba mu san matakin ciwonsa na gaskiya ba. Allah ya yi masa rasuwa bara.

Goggo Asabe:
Innalillahi wa inna ilaihi raji’un. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri Sani.

Maman Ilham (Garwa):
Allah ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makoma. Jikina ya yi sanyi.

Usmanu (ɗakin gwaji):
Allah ya jiƙansa. Sani, abin da ka faɗa shi ne ciwon da ya fi damuna a arewa. Duk wanda za a yi wa ɗan’uwansa aiki ya riƙe wannan: naman ya tafi gaba ɗaya, da kitsensa, kada a rage komai. A saka shi a formol mai kashi 10 nan take, a bokiti mai faɗin baki da murfi, ruwan ya ninka naman kamar sau 10. Kada a sa a firiza. A haɗa da takardar da ta ce an yi gashi, da ranar da aka gama, da sakamakon IRM na farko. Sau da yawa nama yana zuwa mana ba wanda ya rubuta an gasa shi, sai mun gane da kanmu a madubi.

Malam Habibu:
Game da binnewa, a fahimtata girmama abin da aka cire daga jikin ɗan Adam ba ya karo da bincikensa. Binciken nan cikin neman magani yake, da shi za a san abin da za a yi wa mai rai. A bari masana su gama aikinsu, in akwai abin da ya rage kuma aka ba da shi, sai a binne. Dattawanmu da kyakkyawar niyya suke yi, bayani ne bai kai gare su ba. Ya kamata mu masu hawa mumbari mu riƙa faɗa.

Ɗanjuma Ngaundare:
Ni tambayata daban ce. In gashi yana narkar da ciwon har da kaluluwa, me ya sa za a yanka mutum a rataya masa jaka? Ba gara a bar shi ba?

Dokta Nasiru (Yawunde):
Ana yin haka ga wasu, Ɗanjuma. Wata likita a Sao Paulo ta Brazil, Angelita Habr-Gama, ita ta fito da hanyar a 2004: in bayan gashi an duba da yatsa, da kyamara, da IRM, ba a ga komai ba, sai a dakata da aiki a sa ido. Amma sa idon ba wasa ba ne, kusan duk wata 3 sai an sake dubawa a shekaru biyun farko, don a wasu ciwon yana sake tsirowa kuma dole a kama shi da wuri. Mutumin da ke Garwa ko Yagwa, wanda kowace IRM tafiya ce da kuɗin mota da masauki, abin yana da wuya ya ɗore. Kuma nan ma kaluluwa ce matsalar. Ko bangon hanjin ya wanke tas, ana samun kamar 5 cikin 100 da cuta ta maƙale a kaluluwarsu, kyamara kuwa ba ta ganin bayan bango. Shi Baba ma ba ya cikin wannan, tunda ypT2 na nufin an tarar da ƙwayoyi masu rai a cikin tsokar bangon. Aikin da aka yi masa ya zama dole.

Dokta Hadiza (Njamena):
Salamu alaikum, yanzu na fito daga aiki na karanta duka. Maman Ilham, ƙanwata, ɗauko takardar ki duba mini abu huɗu, ki rubuto yadda suke da Faransanci. Me aka ce game da mésorectum? Milimita nawa aka rubuta a marge circonférentielle? Akwai emboles ko engainement périnerveux? Akwai dépôts tumoraux?

Maman Ilham (Garwa):
To Anti Dokta. An rubuta mésorectum complet. Marge circonférentielle 7 mm. Marge distale saine. Absence d’emboles, absence d’engainement. Ban ga wancan na ƙarshen ba ko’ina. Akwai kuma inda aka ce bonne réponse tumorale.

Dokta Hadiza (Njamena):
Alhamdulillah. Abdul’aziz, ga amsar tsoronka na cewa an bar wani abu a ciki. Complet na nufin buhun da Dokta Nasiru ya faɗa ya fito da rigarsa ba yagewa. Tazarar da ke tsakanin ciwo da gefen yanka, in ta kai milimita 1 ko ƙasa da haka ne ake cewa gefen ya taɓu, na Baba 7 ne. Cutar ba ta shiga jijiyoyin jini ko na ji ba. A wurina waɗannan layukan sun fi lambar 7 nauyi nesa ba kusa ba. Da 0/20 aka rubuta amma gefen yanka ya taɓu, da na fi damuwa.

Inda ƙirgar take da tasiri shi ne shawarar da za a yanke nan da kwana 10, wato ko a ƙara masa shimiyo (maganin sankara na sha ko na ƙarin ruwa) ko a’a. A nan likitocin duniya kansu ba su haɗu ba. Tsarin Amurka ya fi karkata ga cewa tunda hoton farko ya nuna T3 da kaluluwa, a cika magani ya kai kamar wata 6 gaba ɗaya, duk abin da anapat ta ce. Da yawa a Turai kuma sakamakon bayan aiki suke kallo: wanda ya sauko ypT2 N0 yana cikin masu kyakkyawan fata, kuma ba a tabbatar ƙarin shimiyo yana ƙara masa kwana ba. Wanda aka tarar da cuta a kaluluwarsa bayan gashi, shi ne kowa ya yarda yana cikin hatsari, don cutar da ta sha wuta sau 28 ba ta mutu ba mai taurin kai ce, kuma shi ne ake ba magani mai ƙarfi irin FOLFOX. To kun ga dalilin da ya sa maganar Usmanu take da muhimmanci. In akwai guda ɗaya da ta ɓuya, shawarar ta canza.

Abin da zan ba ku shawara: ku roƙi likitan tiyata ya kira ɗakin anapat ya nemi a sake bin sauran kitsen. Yawanci ana ajiye ragowar nama na wasu makonni bayan an fitar da sakamako, don haka kada ku jira ranar ganin likita, gobe za ku kira. Ba zargi ba ne, abu ne da likitoci suke nema a tsakaninsu.

Abdul’aziz (Liyon):
Na ji, kuma hankalina ya ɗan kwanta. Amma ni a ra’ayina ko me aka samu a ba shi shimiyon kawai. Gara a yi fiye da kima da a yi nadama. Kuɗin ni zan nema.

Maman Ilham (Garwa):
Yaya, kai ba ka ga Baba a satin ƙarshe na gashi ba. Tafin hannunsa da na ƙafarsa sun yi ja sun tsattsage, gudawa ba dare ba rana, ko alwala sai an riƙe shi. Yanzu ne ya fara cin tuwo. Ba kuɗi kaɗai ba ne.

Dokta Hadiza (Njamena):
Ku biyun duka son Baba ne yake magana a bakinku. Abdul’aziz, shimiyo ba ƙarin miya ba ne da za a ce in ya yi yawa ba laifi. Oxaliplatine da ke cikin FOLFOX yana kashe jin yatsun hannu da ƙafa, wasu ba ya sake su har shekaru. Mai jaka a ƙaramin hanji kuma gudawa tana iya ƙarar masa da ruwan jiki har ta taɓa ƙoda, musamman a zafin Garwa. Maman Ilham, ke ma kada wahalar da kika gani ta sa ki rufe ƙofa tun kafin a ji sakamakon sake dubawa. Ku gaya wa likitan abin da Xeloda ta yi masa dalla-dalla, yana cikin abin da zai auna. Kuma shi Baban a tambaye shi, jikinsa ne.

Dokta Nasiru (Yawunde):
Wani abu da zai rage irin wannan gardamar nan gaba: yanzu an fara ba da shimiyon gaba ɗaya kafin aiki, tare da gashi. A binciken PRODIGE 23 na Faransa, waɗanda aka yi wa haka kusan kashi 28 cikin 100 ba a tarar da ƙwayar cuta ko ɗaya a namansu ba, a tsohuwar hanya kuwa 12. Sai dai kaluluwar da ta sha duka biyun ta fi wuyar samu, aikin su Usmanu ne zai ƙaru.

Usmanu (ɗakin gwaji):
Mun gani tun yanzu, Dokta.

Sani Kuseri:
Maman Ilham, ki adana faifan IRM na farko kamar takardar fili. Mu namu ya ɓace a hanya, duk likitan da muka je wurinsa daga baya shi yake fara tambaya.

Dokta Hadiza (Njamena):
Gaskiya ne Sani. Bayan gashi ba a iya komawa a ga yadda ciwon yake da farko, faifan nan ne kaɗai shaida. A ɗauki hoton duk takardun a waya, a tura wa mutum biyu a gida.

Maman Ilham (Garwa):
Salamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana 12. Mun kira kamar yadda aka ce, likitan tiyata bai ji haushi ba ko kaɗan, shi da kansa ya yi musu magana. An sake bin kitsen an samu ƙarin 4, duka ƙanana, sun zama 11. Babu cuta mai rai a ko ɗaya. Amma an rubuta cewa a guda ɗaya an ga tabo da wani abu mai yauƙi, mucine acellulaire. Wannan ya sake tayar wa Yaya hankali.

Usmanu (ɗakin gwaji):
Alhamdulillah, 0/11. Mucine ɗin nan majina ce da ƙwayoyin sankara suke fitarwa, acellulaire kuma na nufin ba ƙwaya a cikinta. Kamar ka tarar da toka da murhu a wuri, ka san an taɓa hura wuta, amma ba garwashi. A ƙa’ida ba a ƙirga ta cikin masu cuta, N0 yana nan yadda yake. Tana dai nuna da alama ɗaya daga cikin ukun da IRM ta gani da gaske ne, gashi ya kashe abin da ke ciki.

Abdul’aziz (Liyon):
To ai wannan ya ƙarfafa maganata. In da gaske ta shiga kaluluwa, ta yiwu ta wuce gaba tun kafin gashi.

Dokta Hadiza (Njamena):
Ta yiwu, kuma wannan ita ce hujjar masu cewa a ƙara magani. Sikanar ƙirji da hanta da aka yi kafin aiki ba ta nuna komai ba ko? Me likitan nasa ya ce?

Maman Ilham (Garwa):
Ba ta nuna ba. Ya ce sun zauna su uku a kan fayil ɗin. Ba za su ba shi shimiyo mai ƙarin ruwa ba. Sun ba shi zaɓi tsakanin ƙwayar Xeloda kaɗai ta wata 4 da an rage ƙarfinta, ko a sa ido kawai da gwajin jini na ACE mai nuna alamar sankara duk wata 3, sikana, da kyamara in shekara ta cika. Baba ya yi shiru ya ce a ba shi sati guda ya yi istihara. Ya ce in zai sha, sai dai a Garwa, ba zai sake zaman Duwala ba. Likitan ya yarda in akwai wanda zai riƙa duba jininsa da ƙodarsa a nan kafin kowane zagaye.

Abdul’aziz (Liyon):
Ni dai har yanzu ina ganin ya sha. Amma zan kira shi da daddare in ji daga bakinsa, ba zan matsa masa ba.

Goggo Asabe:
Allah ya zaɓa masa mafi alheri. Jakar fa, yaushe za a cire?

Maman Ilham (Garwa):
In bai sha maganin ba, nan da sati 6 bayan an yi hoton da zai nuna ɗinkin ya kama. In zai sha, sun ce wataƙila sai ya gama. Jakunkunan ma saura 5 a gida, a nan kuma mun zaga ba mu samu girman nasa ba. Akwai mai tasowa daga Yawunde ko Duwala cikin satin nan ya taho mana da kwali biyu? Zan tura hoton irin nasa da kuɗin ta waya.

Ɗanjuma Ngaundare:
Ƙanena zai hau jirgin ƙasa ran Laraba da yamma daga Yawunde, Alhamis yana Ngaundare. Turo mini hoton ta akwati, in ya iso in ba direban Garwa.